Ki Rubuta Sunana, Yagana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Assalamu alaikum, Yagana. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya a duk inda kika buɗe ta, ko a motar Kano, ko a filin jirgi, ko kuwa sai kin sauka Malesiya kin kwance jaka kin tarar da ita ƙarƙashin busasshen kifin da Ummanki ta cusa miki. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da malamai masu tsoron Allah da maƙwabta masu mutunci, ya sa ki dawo mana da digirin nan na uku cikin ƙoshin lafiya.

Kin san dalilin da ya sa na rubuta maimakon in kira ki falo. Sau nawa na zaunar da ke da niyyar mu yi magana irin ta abokan aiki, ke kuwa ki durƙusa a bakin ƙofa, ki sunkuyar da kai, duk abin da na faɗa ki ce "To, Baba"? Ko cewa na yi kogin Haɗeja ya juya yana komawa Kano, "To, Baba" za ki ce. Takarda kuwa ba a durƙusa mata, dole ki karanta har ƙarshe.

Ga maganar. A ɗaurin auren da na je garin Malam Madori makon jiya na haɗu da Dakta Isiyaku, wanda ya duba miki kundin digirinki na biyu. Ɗalibina ne tun gemunsa bai fito ba. Bayan an shafa fatiha ya ja ni gindin wata darbejiya, ya yi ta kame-kame kamar wanda ya zo neman aure, daga ƙarshe ya faɗa mini cewa takardar da za ki aika wa mujalla kin cire mata babin da ya fi kowane babi nauyi. Ya ce da farko kin rubuta "wani bincike da ya gabata", shi kuma ya gaya miki ba a sukar aiki ba tare da an kira sunan mai shi ba, domin mai karatu ya samu damar zuwa ya duba da kansa. Da kika ga ba makawa sai an kira suna, sai kika cire babin gaba ɗaya. Wancan binciken da ya gabata kuwa nawa ne.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na ji zafi. Daga Malam Madori har gida direba yana ta leƙena ta madubi, ina jin ya ɗauka shinkafar biki ce ta ɓata mini ciki. Amma kafin mu shigo gari zafin ya sauka, wani abu ya maye gurbinsa. Alfahari ne, Yagana. Abin da manyan malamai suka karanta shekara da shekaru ba su gani ba, 'yar da na goya a kafaɗa ce ta gan shi.

Bari in faɗa miki yadda nake kallon aikin nan nawa, don kada ki zaci ƙanƙan da kai zan yi. Lokacin da na fara koyarwa a kwalejinmu, ɗalibin injiniya yana gama karatu bai taɓa zana abin da wani mai rai yake buƙata ba. Ni na fito da su daga aji. Na raba su rukuni-rukuni, na kai su fadama da rani, na ce ga manomi injin ban ruwansa yana shaƙe ciyawa, ga mata masu turara shinkafa hayaƙi yana cinye musu ido, ga ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwa, ku zana mafita, ku ƙera ta da hannunku, in ba rukuninku maki ɗaya. Na sa wa tsarin suna gayyar zane, domin daga gayyar yankan kacalla na ɗauko shi, ranar da ƙauye guda ke fitowa da lauje a buɗe wa ruwa hanya. Na rubuta, an buga, kwalejoji sun ɗauka, har a ƙasashen da ban taɓa takawa ba ana ambaton aikin. Ki shiga Kafin Hausa ranar kasuwa ki duba masu ƙera injin sussuka da na casa, za ki samu waɗanda suka bi ta hannuna ko ta hannun ɗalibaina. Aiki ne mai kyau, kuma ban taɓa nadamarsa ba.

Ke kuma kika zauna kusa da rukunonin nan kina kallon abin da ni ban kalla ba. Ni na duba injin da ya fito, ke kika duba hannun da ya taɓa shi. Kika ga a kusan kowane rukuni maza ne ke riƙe walda da awo da yanka, ɗalibai mata kuwa su ke rubuta rahoto, su ke ɗaukar hoto da waya, su ke tsara abin da za a faɗa ranar gabatarwa. Maki ɗayan da nake taƙama da shi ya rufe wannan ruf. Yarinya ta fita da sakamako mai kyau, a ba ta ƙarfe biyu ta haɗa, ta kasa. Da Isiyaku ya gama faɗa mini, sai gayyar gaske ta faɗo mini a rai: maza a cikin ruwa da lauje, mata a bakin gaɓa da tukwane da kwanukan abinci. Ashe na ɗauko gayya da duk kayanta na shigar da ita aji, har da waɗanda ake bari a gaɓa.

Kin san hukumar da ke kula da makarantun fasaha tana shirin shimfiɗa tsarin nan a sauran makarantu, har da na 'yan mata da waɗanda ake gauraye. Ni aka gayyata in yi musu bayani bayan an cire amfanin gona. In babin nan bai fito ba, haka za a shimfiɗa shi da ramin a tsakiyarsa. Za ki ce me ya hana in faɗa musu da bakina. Da wace hujja? Hujjar taki ce, ke kika sha rana kika tara ta. In na ɗauka na faɗa kamar ni na gano, na zama ɓarawon 'yata. In na faɗa ba hujja, za su ce Farfesa ya tsufa ya fara shakkar kansa, su yi mini dariyar girmamawa su ci gaba da abinsu.

To, tunda ke kunyata kike ji, bari in kwance miki kayana ki ga wanda kike jin kunyar.

Kin san ƙarfen nan da ke tsaye cikin ruwa a ƙauyen da muke zuwa sayen kifi, wanda masunta ke ɗaure kwalekwale a jikinsa suna ce masa turken Malam? Ban taɓa gaya miki ba, ni ne Malam ɗin. Injin yankan kacalla ne, na farko da na zana a rayuwata. A ofis na zana shi, a kan allon zane mai tsabta, na sa masa tayoyi huɗu masu kyau kamar zai je ɗaukar amarya. Tun kafin a gwada shi na aika zanen aka buga, domin ina gaggawar ƙarin girma. Ranar gwaji aka taru, aka tura shi, ya yi 'yar tafiya, laka ta kama shi. Muka ja da igiya, muka kawo shanu, ya ƙara nutsewa. Na koma gida na wanke ƙafata, na yi shiru da bakina. Zanen yana cikin mujalla, nutsewar tana cikin fadama, ban taɓa haɗa su ba.

Bayan shekaru, a wani taron ƙara wa juna sani, wani matashin malami daga wata jiha ya tashi ya nuna hoton injinsa a cikin laka har wuya. Tayoyi huɗu. Ya ce ya bi zanen da ya samu a wata takarda, ya kira sunana cikin ladabi, har yana ba da haƙuri wai wataƙila shi ne bai fahimci zanen ba. Ina zaune a layin gaba da babbar riga. Daminarsa guda da guminsa da na ɗalibansa, ni na jefa su a laka da shiruna. Don haka ki riƙe wannan: abin da ya nutse ma sakamako ne. In kin gwada abu ya ƙi, ki rubuta ya ƙi, ki faɗi inda ya ƙi da yadda ya ƙi. Kuma kada ki buga abin da bai taɓa ƙasar da aka yi shi dominta ba, ko wa ke matsa miki.

Na biyun ya fi wannan ciwo, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Malam Haruna, Allah ya jiƙansa, ba ki san shi sosai ba, kina ƙarama ya rasu. Shi ya koya mini zanen injiniya, shi ya tsaya aka ɗauke ni aiki, shi ya karɓar mini auren Ummanki. Yadda yake koyarwa shi ne ya zana a allo, ɗalibai su kwafa, wanda layinsa ya fi tsabta ya fi maki. Ban daɗe da fara aiki ba na gwada ɗalibansa, na ga mai zane kamar bugun inji in ka ce ya ƙirƙiro maka marfin rijiya da yaro ba zai iya ɗagawa ba, sai ya tsaya yana kallonka. Na tara hujja mai ƙarfi. Na ajiye ta. Na ce ba ni zan kunyata mutumin da ya yi mini uba ba. Kullum da safe in je ofishinsa in gaishe shi, in fito in wuce ta gaban ajinsa ina jin ƙarar alli.

Sai da ya yi ritaya ya koma Kafin Hausa yana noman gero da kiwon raguna sannan na buga. Na kai masa mujallar da kaina, ina ganin na yi dabara, na fita kunya ta kowane ɓangare. Idonsa ya yi rauni, ya ce in karanta masa. Na karanta, yana zaune a kan buzu yana jan carbi, bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "Garba, tun yaushe ka san wannan?"

Na faɗa masa gaskiya.

Sai ya ce, "Ashe kana kallona ina ɓata 'ya'yan mutane, kana zuwa kana gaishe ni."

Ya sa aka kawo fura, ya sa mini albarka, ya rako ni har bakin mota. Amma maganar nan ta bi ni gida, kuma har yau ba ta koma ba. Na ɗauka ladabi na yi masa, ashe na hana shi abin da ya fi so a duniya, wato ya gyara aikinsa da hannunsa tun yana da aji. Yagana, ni har yanzu ina da aji. Ƙafata tana kai ni fadama, idona yana ganin awo. Kada ki jira in koma kiwon raguna.

Kina iya tambaya yaya aka yi ni da kaina ban ga abin da kika gani ba. Amsar ba ta da daɗi. A farkon aikin ɗalibai mata ba su da yawa a ajinmu, wannan uzuri ne, amma ya ƙare tuntuni. Gaskiyar ita ce lokacin da suka yawaita ni na riga na daina zuwa gaɓa. Na kamu da ciwon da ke kama malaman jami'a a tsakiyar shekaru, ciwon duba waya a ga mutum nawa suka ambaci aikinka. Ana idar da sallar asuba, kafin in gaisa da kowa, na buɗe. Ummanki har ta mai da shi abin tsokana, in ta kawo koko sai ta ce, "Malam, yau mutum nawa suka kira ka a duniya?" Daga wannan taro zuwa wancan, ina ba da labarin fadamar da na daɗe ban shiga ba, da hotunan ɗaliban da wasunsu har suka aurar da 'ya'ya.

Ba na ce ambato banza ba ne. Da shi aka san ni, da shi ƙofofi suka buɗe, har wadda kike shirin shiga. Amma ki san irinsa. Yawancin masu ambatonka gaisuwar kan hanya suke yi maka, su ɗaga hannu su wuce, ba su karanta ko rabin takardar ba. Wanda ya tsaya ya ce a nan ka yi daidai, a nan ka kauce, shi ne ya shigo gidanka ya zauna. A duk masu kiran sunana ban samu irin wannan baƙo ba sai ke, kuma ke ce kike neman juyawa daga bakin ƙofa. In kin zama malama, ki ware wa kanki lokacin da za ki zauna a ɗakin koyon aiki ba ki koyar da komai, kallo kawai. Ki ga wa ke riƙe da kayan aiki, wa ke riƙe da biro, wa ya yi shiru tun safe.

Akwai na cikin gida kuma, wanda ke kin fi kowa saninsa. In injin ban ruwan lambunmu ya tsaya, wa nake kira ya kwance shi? Ƙaninki Sadiƙu. Ke kuwa sai in tsayar da ke a gefe in ce ki faɗa mana dalilin da ya sa ya tsaya, ki faɗa daidai, in yaba miki a gaban baƙi. Shi ya tashi da baƙin mai a hannu, ke kika tashi da yabo. Ga shi yau yana karatun lauya, ko tayar keke ba ya son gani, ke kuma da kika zaɓi injiniya sai da kika koyi walda a ɓoye a shagon wata tsohuwar ɗalibata, kina babba, kina jin nauyi. Ummanki ce ta faɗa mini wannan, da na dawo daga Malam Madori na tsare ta da tambaya. Na gane ba a rukunin ɗalibai kika fara ganin abin nan ba. A lambun ubanki kika fara ganinsa, daga inda na tsayar da ke. Ki yafe mini wannan. In Allah ya ba ki 'ya'ya, na cikinki da na aji, ki miƙa sifanar kwance inji ga wanda bai miƙo hannu ba.

Yanzu ga yadda nake so ki yi. Ki mayar da babin yadda yake. Kada ki zuba masa sukari don ni, kada kuma ki ƙara masa barkono don a ce ba ki ji tsoro ba. Iyakar abin da hujjarki ta kai, nan za ki tsaya. Inda tsarin ya yi amfani ki faɗa, domin ya yi, kuma faɗin hakan ba alfarma ba ce. Shawarar da Isiyaku ya ce kin kawo, ta a riƙa juya aiki a cikin rukuni kowa ya riƙe walda kowa ya riƙe biro, a kuma gwada hannun kowane ɗalibi shi kaɗai kafin a ba rukuni maki, ki bar ta a ciki. Ina da ja a kan wani ɓangarenta, ina ganin lokacin zango ba zai isa ba in ba a rage wani abu ba, amma wannan a mujalla zan ba ki amsa, ba a falo ba. Ki shirya, ba zan saurara miki don ke 'yata ce ba.

Za a yi magana, wannan babu shakka. Gwaggonki za ta ji a wurin biki cewa 'yar Farfesa ta je ƙasar waje ta tona wa ubanta asiri, ta ɗauko mayafi ta zo ta same ni. Wasu abokan aikina za su zo yi mini jaje da fuskar tausayi, zuciyarsu fari ƙal. Ki bar mini su, na san yadda zan yi da kowannensu. Tarbiyyar da ta hana ki kiran sunana mu muka ba ki, kuma ban ce ki zubar da ita ba. In kin dawo ki durƙusa ki gaishe ni kamar kullum, in kin haɗu da mai irin sunana ki ce masa mai sunan Baba. Amma a takarda ni ba Baba ba ne, ni mai bincike ne da ya yi aiki ya bar gurbi, kuma mai bincike da sunansa ake kiransa. Gayyar zane ba za ta rushe don kin nuna inda take yoyo ba. Na san abin da na gina. Da gyaranki za ta kai inda ni ban isa in kai ta ba.

Saura abu ɗaya, don kada ki ce na ɗora miki kayan da ni ban ɗauka ba. Kin san sunan mahaifiyata aka sa miki, ita da ta zo daga Birniwa ta haife ni ta raine ni a garin nan, shi ya sa tun ranar suna nake ce miki Yagana kamar yadda danginta ke yi. Tun da na yi wayo sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ko a asibiti aka tambaye ni, sai in juya in kalli Ummanki ta faɗa. To, ranar da zan tsaya gaban hukumar nan, dole in ce musu tsarina yana da gurbi, kuma ga mai binciken da ta gano shi. Ba zan ce Yagana ba, ba su san wata Yagana ba, kuma ba ita ce a kan takardar ba. Jiya da hantsi na je lambu, na tsaya a bakin ruwa inda ba kowa, na gwada. Sunan ya yi mini nauyi. Amma ya fito.

In ni na iya a wannan shekarun, ke ma za ki iya.

Ummanki tana gaishe ki, ta ce kifin ki riƙa shanya shi kada ya yi fumfuna. Ki kula da sallarki a kan lokaci, ki ci abinci, ki kira gida ko ba labari. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiyarsa ba ta ɓata. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga sharrin mutum da na hanya, ya ba ki ƙarfin faɗin abin da kika gani, ya dawo mana da ke lafiya.

Ki mayar da babin, Falmata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Garba
Haɗeja